Ranar Da Na Ce Ba Na Jin Fillanci

Ban kai shekara biyu ba mahaifiyata ta rasu, sai uwarta, Kaka Dije, ta naɗe tabarmarta ta baro ruga ta dawo gidanmu a Gidan Goga don ta rene ni. Ita Bafillata ce, Baba kuwa Bahaushe manomi, don haka a ɗakinta Fillanci nake yi, a tsakar gida Hausa. Goggona ta sha ƙorafin za a rikita yaro. Kaka takan ce cikin da ya ɗauki fura ya ɗauki tuwo bai fashe ba, kai ma ba zai fashe ba.

Idan an gama girbi sanyi ya shigo, da an sallame magariba takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, yaran unguwa su kewaye ta, kowa da 'yar gyaɗarsa ta gashi. Tana da wani salo da ban taɓa gani wurin kowa ba. A tatsuniyarta mutane Hausa suke yi, amma shanu Fillanci kawai. Da saniya ta yi magana sai ta dakata ta dube ni ta ce, "Maigidana, hwaɗa musu abin da nagge tac ce." Ni kuwa sai in gyara zama in fassara, ina kumbura kamar zakara. In na yi kuskure ba ta faɗa, sai ta maimaita a hankali tana nuni da hannu har in kamo.

Wadda muka fi so ita ce ta manomin da ya gina rumbu a bakin gulbi. Shanu suka shinshino ambaliya na tafe, kuma babu mai jin maganarsu sai belbela, wadda a lokacin baƙa ce wuluk. Sau biyu tana kai wa manomi saƙo yana jifanta da hoge. A na uku ya saurara, ya kwashe hatsinsa, ruwa ya zo ya tarar da rumbu wayam. Tukuicin da ya ba ta shi ne farar rigar da take sawa har yau.

Ina aji huɗu aka kawo sabon malami daga Talata Mafara da ɗansa Nura, mai takalmi sau-ciki da Turanci a baki. A makaranta ana tsokanata da ɗan nono, ni kuma babu abin da nake so kamar Nura ya ɗauke ni a bakin wani abu. Wata rana ya biyo ni sauraron tatsuniya. Kaka ta kawo wurin da shanu ke magana, ta dube ni kamar kullum.

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni ban jin wanga yare."

Yaran duk sun san ƙarya nake yi. Ta sake maimaitawa a hankali, tana zaton wata kalma ce ta kuɓuce mini. Sai na ce ta riƙa yin maganar da mutane za su gane. Nura ya ƙyalƙyale da dariya. Kaka ta tura kara cikin wuta, ta ƙarasa tatsuniyar, shanun ma suna magana da Hausa.

Ba ta doke ni ba, ba ta kai ƙara wurin Baba ba. Daga ranar dai ba ta ƙara yi mini Fillanci ba, ko a ɗaki. Abin da ya fi cin raina yanzu shi ne murna na yi. Na tafi sakandare a Bakura, na sami aiki a Mafara, Fillancin ya tsiyaye daga kaina sai 'yar gaisuwa. Ko da rikicin 'yan bindiga ya tsananta, aka fara yi wa duk mai Fillanci kallon biyu-biyu, a zuciyata har godiya na yi da ba ya bakina.

Wannan rikicin ne ya sa na ɗauko ta zuwa gidana. Ba ta shekara ba ɓarin jikinta ya shanye, Hausar da ta yi shekara da shekaru tana yi ta tafi gaba ɗaya, ya rage Fillanci. Wata la'asar ta riƙe wuyan hannuna ta yi ta magana tana hawaye. Abu ɗaya na tsinta, sunan mahaifiyata, wanda ban taɓa ji a bakinta ba saboda 'yar fari ce. Na ruga kasuwa na roƙo wata mai tallan nono ta zo ta fassara mini. Kaka ta gaisa da ita sosai, ta faɗi 'yan kalmomi, ta juya fuska bango.

Matar ta ce, "Malam, ta ce maganar ta gida ce, ba ta baƙo ba."

Kwana biyu tsakani Allah ya karɓi abarsa.

Yau 'yata Hadiza na makarantar da Turanci kawai ake yi, kuma akwai masu ba ni shawara in daina yi mata Hausa a gida don kada ta rikice. Ba na ma tsayawa gardama da su. Ran kasuwa ni da ita muke zuwa rumfar masu nono mu zauna, suna koya mana suna yi mini dariya, gemu fari-fari ina koyon abin da na iya tun ina rarrafe. Kowace kalma na koya sai na gwada ta da abin da kunnena ya riƙe na la'asar ɗin nan, amma ba ya haɗuwa. Kaka ta so gaya mini wani abu game da uwar da ban sani ba, mutum ɗaya ta yi wa tanadin jinsa, kuma shi ne ya ce mata ba ya ji.