Ranar da Taya Ta Fashe a Hanyar Maraɗi

Ina shekarata ta biyu da fara koyarwa a wata firamare a Jibiya sai hedimasta ya ƙara mini aiki. Ya ce tunda na yi kwas a Katsina kan kula da yara, duk ɗalibin da aka ga yana cikin damuwa a turo shi wurina. Aka sa mini tebur da benci a ɗakin ajiye alli. Lokacin kuɗin mai sun shigo ƙasa, manyan motoci ba sa yankewa a hanyar boda.

Cikin waɗanda aka turo mini akwai wata yarinya 'yar aji shida da ke zaune wurin kakarta. Ba ta magana a aji, ba ta shiga wasa. Mako uku ina lallaɓa ta, amsarta ɗaya ce: "Lafiya lau, Malama."

Wata Laraba da hantsi muna zaune, tayar wata tirela ta fashe daidai bayan katangar makaranta. Ban san yadda aka yi ba, sai ganina na yi a ƙarƙashin tebur. Yarinyar ta riga ni shiga. Ta sa tafin hannu ta toshe mini baki, ta raɗa mini da harshen Ibo: "Yi shiru, kada su ji mu."

Na amsa mata da harshen, na ce na ji.

Sai muka tsaya kallon juna. Shekara bakwai rabona da furta kalma ɗaya ta yaren nan. A Gabas aka haife ni, mahaifina yana fataucin shanu. Da rikici ya ɓarke gab da yaƙin basasa, muka tsere a jirgin ƙasa, yayana bai iso tasha ba. Ko mijina ban taɓa ba shi labarin ranar ba.

"Malama, ke ma can kika fito?" in ji ta.

Ita ce ta riƙo hannuna ta fito da ni, ta kaɗe mini ƙurar zane.

Da la'asar na je gidansu. Kakar ta saurare ni, ta dafe ƙirji tana salati. Ta ce uwar yarinyar 'yar Gabas ce, ɗanta ya auro ta. Ranar tashin hankalin uwar ta tura ɗiyar ƙarƙashin gado, ta fita neman mijinta, ba wanda ya sake ganinsu. Maƙwabta suka kawo yarinyar Arewa.

"Wallahi, ɗiyata, na ɗauka ta manta," in ji tsohuwar. "Shekararta biyar fa lokacin."

Washegari na roƙi hedimasta ya ba wani malamin aikin, na ce ni kaina mai neman magani ce. Ya ce, "Malama, wa zan ba? Mu nan ba wanda ya san abin da ta gani."

Na ci gaba. Mukan zauna a bencin, ta ba ni nata kaɗan, in ba ta nawa kaɗan. Wata rana ita ke kuka, wata rana ni. Ta ci jarrabawa ta tafi kwalejin horar da malamai mata. A daminar shekarar na gaya wa mijina ina da yaya.