Haƙoran da Mama ta ɓoye

Ni na matsa wa Mama sai ta je asibiti. Dasashinta na zubar da jini, bakinta na wari, har ta daina fita waƙa da matan zumunta a coci. Kafin ta yarda ta baro ƙauyenmu Dabai, sai da na yi mata alkawari cewa wankewa kawai za a yi, ba mai taɓa mata haƙori ko ɗaya.

A Zuru, ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta ce dauɗa ce ta daskare ta zama dutse, asuwaki ba zai iya da ita ba. Ko dai a sa inji mai karkarwa da feshin ruwa, ko a kankare da hannu da wata 'yar ƙugiyar ƙarfe. Ni da aka taɓa yi mini da inji a birni, na yi caraf na ce inji. Ina ji da kaina a lokacin.

Injin yana da sauri, ba ƙarya, amma kukansa har cikin ƙwaƙwalwa. Mama ta riƙe hannun kujera tana shaƙewa da ruwa. Ba a yi nisa ba aka ɗauke wuta, ma'aikaciyar ta ɗauko ƙugiya. Ƙarar kankararta kaɗai ta sa tsikar jikina tashi, amma Mama sai ta saki jiki kamar ana yi mata kitso.

Can sai na ji ƙas! Wani gutsure baƙi-baƙi ya faɗo kan tire, wani ya biyo shi. Na leƙa bakinta. Haƙoranta na gaba na ƙasa, da na sani a manne tun tasowata, sun zama sirara masu tsini, da rata tsakaninsu.

"Kin farfasa mata haƙora!" Na ɗaga murya har mutanen waje suka leƙo. Ba abin da ban faɗa wa baiwar Allah nan ba. Ita ma ta tsorata, tana rantsuwa cewa dutse kawai ta ɓamɓare, ƙarfenta ba ya sassaƙa haƙori haka.

Mama ta tofar da ruwa, ta miƙa hannu a ba ta madubi. Ta daɗe tana kallo.

"Ke, rufe bakinki," ta ce da ni. "Yarinyar ga ba ta yi komi ba. Nawa ne."

Ashe tana budurwa aka fiƙe su, yadda ake yi wa 'yan mata a ƙauyukanmu na kan tudu don ado. Da ta bi Baba bariki, matan sojoji suka riƙa yi mata dariya, sai ta koyi magana da leɓe a rufe, ta daina kai asuwaki wurin. Da gangan ta bar dauɗa ta cike ratar.

Kunya ta rufe ni. Na haura shekara arba'in, ban san bakin uwata ba. Na ba ma'aikaciyar haƙuri, na tambayi Mama ko a tsaya haka, mu tafi gida.

Ta mayar da kai jikin kujera.

"Ta ƙarasa da hannun," ta ce. "Masu dariyar duk sun mutu."