Garkarmu Tsakanin Faransi da Ingila

Duk wanda ya san Yaya Abari ya san ba a jin "i" ko "a'a" a bakinsa. Ko fura aka miƙa masa, sai ya gyara jar hularsa ta soja ya ce, "Za mu duba." Daga yaƙin Jamus ya kwaso wannan hali, wai ya ga yadda Turawa suka yi sulhu bayan an ajiye bindiga. Ni ƙanwarsa, da na dawo gida da marayu, ni na sha wahalarsa.

Abin da muka gada garka ce ɗaya a kwari kusa da Gure, da dabino da rijiya, ita ke ciyar da mu. Gabas da ita gonar Bulama Kyari ce, yamma ta Madugu Mele mai kai kanwa ƙasar Ingilishi. Ba sa ga maciji da juna, kuma kowa na haɗiyar yawu a kan garkar. Yaya ya laƙaba wa Bulama Faransi, Madugu kuma Ingila.

Na ce, "Yaya, mu yi shinge mana."

Ya ce, "Shingen ƙaya bai tsare babba, Hajara. Kishin ɗan'uwansa ke tsare shi."

Don haka duk kaka dabinon fari kwando biyu yake cikawa, ya zauna yana auna su kamar zinariya, ya aika ɗaya gabas ɗaya yamma. Mu da muka yi ban-ruwa sai wanda tsuntsu ya ɓata. Wallahi har kuka na sha yi don takaici. In Bulama ya taya garkar, sai Yaya ya ce, "Za mu duba, Madugu ma ya yi magana." In Madugu ya zo, haka.

Sai ga shi manyan nan sun shirya, ɗan Bulama zai auri 'yar Madugu. Gari ya ɗauki murna, Yaya kuwa ya ƙi tuwo, ya zauna kamar an yi masa rasuwa.

"Kai wane irin Musulmi ne, ana sulhu kana baƙin ciki?"

"Ke ba ki ga Turai ba. In manya sun zauna tabarma guda, ƙarami ne naman da ke cikin akushi. Haka na ga an yi wa Kamaru, Faransi da Ingila suka raba ta."

Kakar da ta biyo, mutumin da bai taɓa kuskuren awo ba ya aika wa Madugu kwando har da tozo, na Bulama kuwa ko baki bai kai ba, kuma ya sa aka bi da su ta tsakiyar kasuwa. Kafin Juma'a surukai sun daina gaisawa. Na ce masa wannan aikin Shaiɗan ne. Ya ce, "A Turai sunansa siyasa." Har yau ban yarda ba.

Ranar da Yaya ya rasu, zuciyata na kan garkar ko da ina kuka. A wajen zaman makoki Bulama ya miƙe ya ce duk mai son taɓa garkar marayu sai ya bi ta kansa, yana faɗa yana hararar yamma. Madugu ya rantse da abin da ya fi haka, yana hararar gabas. Daga dabinon nan na aurar da 'ya'yana duka.

Allah ya jiƙan Yaya, ya yafe masa kwandon nan. In ya nemi Aljanna, Allah ya sa kada a ce masa za a duba.