Hannun Hagun Mama Ozella

Kullum da safe, tun kafin ta ɗora ruwan kofi, Mama Ozella Tubbs takan zuba ruwan ɗumi a kwano ta tsoma hannuwanta, ta jira har yatsun su yarda su miƙe. Amosanin gaɓɓai ya tanƙware su tun tuni. In sun saki, sai ta ɗauki sanda da makulli ta taka zuwa Cocin Sabuwar Rijiya, can ƙarshen titin da kwalta ta ƙi kaiwa a nan Sawyer Bend, ta goge fiyano, ta taɓa maɓallan ɗaya bayan ɗaya don ta ji wanne ne damina ta kumbura. Shekara sittin da ɗaya ke nan tana wannan zirga-zirga. Lahadin da ta wuce ta miƙa makullin. Aka ba ta agogon bango da tukunyar fure. Fasto Moye ya yi jawabin minti huɗu, uku daga ciki a kan sabuwar na'urar kiɗa da cocin ta sayo. Na zauna ina kallo raina yana ƙuna, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Yaran yanzu suna tsammanin aikinta danna maɓalli ne kawai. A cocinmu ba a gaya wa mai fiyano waƙar da za a yi. Lokacin shaida, tsohuwa za ta miƙe da duk abin da makon ya jibga mata, ta buɗe baki ta kama waƙa daga inda muryarta ta ga dama, ko sama, ko ƙasa, ko wani lungu da ba shi a littafin kowa. Aikin mai fiyano shi ne ya nemo ta kafin ta kai ƙarshen layin farko. Mama Ozella takan ce, "Mai waƙa ba ya zuwa wurina. Ni nake zuwa in same shi inda ya faɗi." Ku tambayi 'Yar'uwa Verlean Oakes. Ranar da aka binne ɗanta ta miƙe za ta yi waƙa, muryar ta karye gida biyu. Fiyano ya bi ta ƙasa, ta sake zamewa ya sake bin ta, har ta samu abin jingina ta kai ƙarshe a tsaye.

Hannun damanta na mahaifiyarta ne, wadda ta rene ta da waƙoƙin bishara. Na hagu kuwa na mahaifinta ne, Ike Tubbs, wanda ke tsinkar auduga kwana biyar, ran Asabar ya kaɗa buluz, kiɗan 'yan duniya, a fiyanon mashayar bakin kogi. Wurinsa ta gaji wani taku mai nauyi, mai jan ƙafa, irin na mutumin da ya yini a gona. Ta yi shekara uku tana ɓoye shi. Wata Lahadi a 1966 abin ya motsa ta, hannun ya kufce mata, ya yi tafiyar gidansu a gaban kowa. Jama'a suka miƙe, mafitai suka tashi sama, har dattawan da ke gyangyaɗi suka farka. Fasto Ambrose Teal na wancan lokacin ya ɗaga hannu ya tsayar da kiɗan.

"'Yar'uwa Ozella, wannan kiɗan daga ina?"

"Daga hannuna, Fasto."

"Na san warinsa. Na bakin kogi ne. An kawo mana Shaiɗan har gaban bagade, kuna ta tafa masa!"

Aka zaunar da ita. Wata shida a bencin baya, ba fiyano, ba jibin Ubangiji, mutanen da suka yi rawa ranar suna wucewa suna kau da kai. Da aka rasa mai nemo tsofaffi in sun kama waƙa, aka dawo da ita, amma sai da ta tsaya gaban jama'a ta roƙi gafarar hannun da ubanta ya bar mata. A wannan bencin na baya ta haɗa wata waƙa a zuciyarta, ta mai laifi da ke roƙon Ubangiji kada ya rufe masa gida. Ta sa mata suna "Bar Mini Ƙofa a Buɗe".

Yanzu sai mu zo kan Elbert Gaddis, wanda ba sai na gabatar da shi ba, tunda hotonsa na nan a bangon gidan mai da shagon aski. Yana ɗan shekara goma sha biyu kakarsa ta ja shi da kunne ta kawo wa Mama Ozella, ta ce ya dame su da ihu a gida, a gani ko ihun zai yi amfani. Shekara shida, kowace Asabar da hantsi, yana tsaye gefen fiyanonta.

"Kai, wa ya taka ka? Ba ihu ake yi ba, nishi ake yi. Sauke kafaɗar nan. Ka taɓa jin kakarka tana wanki ita kaɗai? To daga can za ka ɗauko ta."

Ita ta koya masa ya riƙe kalma ɗaya ya murɗa ta har sai mai sauraro ya ji a cikinsa. Ita ta ba shi waƙar tata ya rera ranar bikin Ista. Da ya cika sha takwas ya hau bas zuwa Memphis. Bayan shekara biyu, tana kan aikinta na girki a makarantar firamare, tana fere dankali, rediyo ya saki waƙarta. An cire Ubangiji an sa wata mace a gurbinsa, an ƙara kakaki da ganga, amma takun Ike Tubbs na nan daram a ƙasa yana ɗauke da komai. Sabon kiɗan da suke kira soul ke nan: muryar Lahadi a kan ƙafar Asabar. Ta tsaya da wuƙa a hannu har waƙar ta ƙare, sannan ta koma kan dankalinta.

Kun san abin da cocinmu ta yi? Laifi ta sake ɗora mata. Aka ce ita ta lalata yaron mutane, ita ta nuna masa hanyar duniya. Shi kuwa gogan, duk inda aka miƙa masa makirufo sai ya ce, "Ni ba wanda ya koya mini. Baiwa ce daga sama." Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ni na yi shekara talatin da huɗu ina raba wasiƙu a garin nan, na san akwatin kowa. Ko katin Kirsimeti guda bai taɓa zuwa daga Memphis da sunanta ba. Ita ma ta sani, don sau da yawa nakan same ta a bakin akwatin kamar shara ta fito yi.

Ke ce kika ɗauki duka biyun, Mama, zagin masu tsarki da mantuwar mai suna. Ke ce ginshiƙin da ake jingina da shi ana yabon rufi. Ba ki taɓa kai ƙara ba, ba ki taɓa tsayawa a bakin coci kina ba da labari ba. Wasu suna kiran wannan haƙuri. Ni dai na ce mun ci amanarki ne, don mun ga ba ki da baki.

Sai duniya ta juya. Baƙi suka fara zuwa da motoci daga nesa, har da Turawan ƙetare, suna neman cocin da Elbert Gaddis ya tashi. Kiɗan Shaiɗan ya zama abin alfahari. Bara da kaka aka shirya bikin kafa allon ƙarfe a ƙofar coci, aka gayyato shi, magajin gari da 'yan jarida suka cika wuri. Na karanta allon sau uku don na ɗauka idona ne. An rubuta cewa a nan ne Elbert Gaddis ya koyi waƙa, ƙarƙashin jagorancin marigayi Fasto Ambrose Teal. Mutumin da ya zaunar da ita! Sunanta kuwa yana wata takarda dabam da aka manna a ɗakin girki: Ozella Tubbs, suyar kifi.

Tana can baya da Verlean, suna birkiɗa tarwaɗa a garin masara, sai ga shi ya leƙo, tsoho ɗan saba'in da wani abu, cikin farar kwat, mutane na biye da shi.

"Sannunku da aiki, iyaye! A ajiye mini mai barkono."

Ta ɗago ta dube shi. "Elbert. Har yanzu kana ɗaga kafaɗa in za ka ja numfashi."

Ya yi 'yar dariya, ya duba agogo, ya wuce.

"Kin ga butulu?" in ji Verlean. "Sannunku iyaye! Uwar wa? Ki ba ni nasa in zuba masa gishirin da zai kai shi Memphis yana neman ruwa."

"Juya kifinki, Verlean, yana ƙonewa."

Da rana ta take aka shiga ciki don ya rera waƙar. An ɗauko makaɗa samari daga birni, ƙwararru, sun haddace ta daga faifai tsaf. Abin da ba su lissafa ba shi ne faifan muryar ɗan shekara ashirin ce. Suka tashi kiɗa can sama inda yake a da. Ya buɗe baki ya miƙa, muryar ta tsage kamar tsohon zane. Ya yi murmushi ya ce a sake. Aka sake, ta sake tsagewa. Ya ɗaga musu hannu su yi shiru, ya kama shi kaɗai daga ƙasa, yana zamewa, samarin suna lalube a bayansa, kowa na danna nasa, babu wanda ya same shi. Wayoyi sun fi ɗari a sama suna ɗauka. Gumi ya jiƙa farar kwat. Mutumin da ya cika manyan zauruka yana tsaye a gaban garinsu yana nutsewa, kowa na kallo.

Daga ƙofar ɗakin girki Verlean ta ce, "Alhaki kwikwiyo! Ki bar shi. Ai baiwa ce daga sama, ta sauko ta cece shi."

Mama Ozella ta tsaya jim. Waɗanda ke kusa sun ce sun ga muƙamuƙinta yana motsi, kuma ni ba zan ga laifinta ba da ta koma kan kaskonta. Sai ta goge hannu a gaban riga, ta ɗauki sandarta, ta ratsa tsakiyar jama'a a hankali tana warin man suya. Saboda bikin, an tura tsohon fiyano lungu an jera masa furanni a kai. Ta zauna, ta karkata kunne, ta taɓa maɓalli ɗaya, ta taɓa na biyu. A na uku ta same shi. Hannun hagu ya fara takunsa, da garin masara a jikin yatsun.

Na ga kafaɗun Elbert sun sauka. Ya daina miƙa wuya, ya koma nishi yadda aka koya masa. In ya zame ta bi shi, in numfashi ya ƙare masa ta cike gurbin har ya dawo. Tsofaffi suka miƙe, mafitai suka tashi, Verlean ma da bakinta na tsiya tana share ido da bayan hannu. Bai taɓa rera waƙar nan haka a faifai ba.

Da tafi ya lafa ya juya ya dube ta. Ita ma ta ɗago kai, kuma duk wanda ya ce ba ta jira komai ba bai kalli fuskarta ba. Sunanta kalma biyu ne kacal, ya kuma san su. Ya kai makirufo baki ya ce, "Ku tafa wa mamanmu mai fiyano!" Aka tafa. Washegari jarida ta buga hotonsa babba, ta ce wata tsohuwa daga cikin jama'a ta taya shi. Allon ƙarfen na nan yadda yake. Kwamiti ya ce gyara zai yi wuya.

Bayan kwana biyu na same ta a baranda tana ɓarar wake. Na kasa riƙe bakina.

"Mama, don Allah me ya tashe ki? Mutumin da ya shekara hamsin yana musun ki?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Kai ma har yanzu ba ka da wayo, ɗan wasiƙa. Wa ya ce don shi na tashi? Waƙata ce take nutsewa. A bencin baya na haife ta, ba zan tsaya ina soya kifi a kashe ta a gabana ba."

To, tunda mai makirufo ya kasa, bari mai alƙalami ya faɗa: Ozella Tubbs. Ozella 'yar Ike, mai nemo wanda ya ɓace a tsakiyar waƙa. Mun gode, Mama. Mun gode da shekara sittin da ɗaya, mun gode da hannun hagun da muka sa ki roƙi gafararsa sannan muka ci moriyarsa. Ki yafe mana in za ki iya, in ba za ki iya ba ma ba mu da ta cewa.

Ku kuma masu karatu, kowace coci a yankin nan tana da irinta, a bencin baya ko a ɗakin girki. Ku kira sunansu tun kunnensu na ji, kada ku bari sai ranar da za ku jera furanni. Wanda aka koya masa kuma ya koyar, ya kuma faɗi wanda ya koya masa. Yau na'ura ce ke kiɗa a Sabuwar Rijiya, kuma na'ura ba ta bin kowa. Lahadin nan Verlean ta miƙe za ta yi shaida, ta kama waƙa, ta ji ba kowa a bayanta, ta zauna. Mama Ozella dai ta ce duk Asabar da ƙarfe goma za ta tsoma hannu a ruwan ɗumi ta buɗe ƙofar gidanta ga duk mai son koyo, yaro ko babba. Ta fara tun watan jiya. Asabar uku ke nan ina wucewa, ƙofar a buɗe, ita kaɗai a zaune gaban fiyano.