Hannun da Ya Rufe Cikin 'Yata

Kafin bakwai na safe likitan nan ya riga ya shiga ɗakin marasa lafiya. Ba takarda yake fara dubawa ba. Sai ya murza tafukansa su yi ɗumi, ya ɗora a cikin mutum, ya ce, "Yi tari mu ji." Shekara talatin da ɗaya yana haka, ga shi ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Tun da na ji, hankalina ya ƙi kwanciya.

Ni tsohon direba ne, bokona bai wuce karanta allon hanya ba, amma na san gwani in na gan shi. 'Yata ta fari an yi mata aiki wurin haihuwa, ɗinkin ciki ya saki, hanji ya turo fata kamar an kifa ƙwarya. A wani asibiti aka sa mata ragar roba, wurin ya yi ruwa. Muka zo masa tana tallafe da cikinta.

Ya duba, ya ce, "Baba, jikinta ya ƙi baƙo. Da nata za mu rufe."

Na ce, "Likita, ina ta ga rarar nama? Dube ta fa, kamar sillen kara."

Ya yi dariya, ya zana mini da biro: zai sassauto naman gefe da gefe, ya jawo su haɗu a tsakiya. Ranar aikin, awa shida ina kan benci. Nas ɗin da ta fito ta ce ko sau ɗaya bai zauna ba.

Likita, kai ne ka hana ta ɗaga bokiti wata uku, ka kira mijinta ka wanke shi tas a gabana. Kai ne ka ce ta jira shekara biyu kafin wani cikin. Ta jira. Yanzu wata bakwai gare ta, cikin na tashi.

Shekaranjiya na tare shi a baranda. "Likita, za ka bar mu da wa?"

Ya ce, "Uku na koya wa, biyu sun tafi. Amma ranar haihuwa a kira ni, ko ina gona zan zo in tsaya."

Na gode, mai hannun zinari. Ku kuma likitocin da ke tasowa, kwana goma sha biyu suka rage, ku matsa kusa da hannun nan ku kalla da kyau. Ba 'yata kaɗai ke da ciki ba. Allah ya sa ɗinkin ya riƙe.