Tabon Salatef a Jitar Issa

Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci, Abdulmumini ya koma shagonsa da ke hawa na huɗu a ɗaya daga cikin dogayen benayen unguwar Xiaobei, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Ya zauna, ya ɗora jitar a cinyarsa, ya sa farce ya kama bakin salatef ɗin ya ja. Ƙarar da ya ji ba irin wadda ya saba ji ba ce in ana ɓare salatef daga jikin kwali. Wannan 'yar siririya ce, kamar an yagi ɓawon albasa. Da ya duba, sai ya ga ƙyallin fuskar jitar ya biyo salatef ɗin, faɗin yatsu uku. Inda ya tashi babu komai sai farin katako, can ƙasa da gadar da ake ɗaure tsirkiyoyi.

Ya daɗe riƙe da salatef ɗin a hannu, yana kallonsa, yana kallon wurin. Ya yi salati. Ya sa babban yatsa ya shafa, ko Allah zai sa idonsa ne, sai ya ji kaushin katako. Jitar kuwa ba tasa ba ce, kuma mai ita ya yi wata takwas yana jiran ta.

Abdulmumini ɗan Fagge ne a Kano. Mahaifinsa mai gyaran rediyo ne, a gabansa ya tashi cikin ƙaurin dalma da ƙugin tashoshi. Da ya girma ya koma kasuwar Sabon Gari yana sayar da lasifika da makirufo da amfilifaya. Wani Alhaji ne ya fara kawo shi Guangzhou, shekara goma sha uku ke nan, don ya riƙa gwada masa kaya kafin a biya. Alhajin ya koma, shi ya zauna. Matarsa Saude da 'ya'yansu uku suna Kano, duk babbar Sallah yake zuwa ya yi wata guda. Sinancinsa bai wuce na ƙirge da gaisuwa da "lawban" da "meyo" ba, wato maigida da babu, sauran kuwa waya ce ke fassara masa.

Amma yana da kunne. Mai Kunne ma suke ce masa a benen. In aka kunna lasifika, daga bakin ƙofa zai gaya maka ko za ta yi shekara a kan hasumiya ko wata biyu za ta fara shaƙewa. Kwamitocin masallatai daga Kano har Maraɗi shi suke aiko wa. Ƙa'idarsa ɗaya ce, ba ya tura abin da bai gwada ba. Amfilifaya sai ta yi aiki daga azahar zuwa la'asar ba hutu. Kwali sai ya ɗaga ya girgiza, ya ji ko akwai mai motsi a ciki. Ya san zafin da kayan za su tarar, ya san hanyar da za su bi, don haka yake wahalar da su tun a nan. Cikin kayan aikinsa kuwa babu abin da ya yarda da shi kamar salatef mai ruwan ɗorawa, irin wanda 'yan kago ke naɗe kaya da shi har kwali ya koma kamar kabewa. Da shi yake ɗaure waya, da shi ya gyara ƙafar kujerarsa, da shi ya taɓa riƙe makirufon wani limami a jikin mumbari shekara biyu.

Maƙwabcinsa a hawan, Maidaji, Badamagare ne mai sayar da fitilun sola, kuma tun da suka haɗu suke wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa. Shi ne ya kawo masa aikin. Yana da ɗan ƙanwar uwa a Yamai, Issa, malamin kiɗa, wanda ya sa wani tsohon maƙerin jita a unguwar Baiyun ta nan Guangzhou, Shifu Liang, ya ƙera masa guda da hannu, irin mai tsirkiyar nailan da ake kaɗawa da yatsu. Irin wannan jitar muryarta ƙasa-ƙasa ce, a ɗaki ta isa, a fili ba ta kai sahu na uku. Issa kuwa yana da wasa a gaban jama'a ranar Asabar ta sama, wasansa na farko shi kaɗai. Ya aiko da saƙon murya:

"Babban yaya, a taimaka a zaɓa mini abin da zai kai sautinta ga lasifika. Amma don Allah kada a huda ta, kada a sa mata gam. Wanda zan maƙala in zan yi wasa, in cire in na gama."

Abdulmumini ya karɓo jitar ranar Talata. Bai taɓa kaɗa jita ba, amma ya ce ai sauti sauti ne. Ya saɓa ta cikin akwatinta ya nufi kasuwar kayan lantarki, wurin wata mata da ya daɗe yana ciniki da ita.

Na farko da ya gwada irin wanda ake maƙalawa a bakin ramin jita ne. Ya jona, ya ƙure amfilifaya, ya taɓa tsirkiya. Shiru. Ya canja waya, shiru. Ya ce wa matar kayanta matacce ne. Ta yi dariya har da dafa kanta, ta ɗauko wata jitar mai tsirkiyar ƙarfe ta maƙala, nan take shagon ya ɗauka. Ta yi magana a waya, wayar ta ce masa maganaɗisu ne a ciki, ƙarfe kawai yake ji, nailan kuwa meyo. Ya ji kunya, amma ya riƙe darasin.

Na biyu ƙaramin makirufo ne mai lanƙwasasshen wuya, ana matse shi a gefen jita. Sautinsa ya fi kowanne daɗi, kamar kana zaune kusa da mai kiɗan. Sai dai yana kwaso fanka, yana kwaso cinikin shagon gaba, da aka ƙara murya kuma ya saki kururuwar nan da ke sa masallata toshe kunne. Abdulmumini ya san irin lasifikokin da ake jibgewa a taro a Yamai, shi ya tura rabinsu. Ya ajiye shi.

Na uku ɗan faifai ne kamar maɓallin riga, ba ya jin iska, girgizar katako kawai yake ji. Ana manna shi da wani farin danƙo mai laushi da ake cirewa ba tare da ya bar komai ba. Ya yi kusan awa yana yawo da shi a fuskar jitar. Kusa da rami sai ya yi gunji, a gefe sai ya yi ƙarar gwangwani. Can ƙasa da gada, ta ɓangaren siraran tsirkiyoyi, ya ji abin da yake nema. Ya saya.

To, lokacin kuwa damshin nan ne na watan Maris, da bango ke gumi, tayil ya yi santsi, wanki ya kwana uku bai bushe ba. Ranar Laraba a shago ɗan faifan ya faɗo sau biyu. Abdulmumini ya ce a ransa, in a nan yana faɗowa, ina ga zafin Yamai, ga zufar hannu, ga mutum a gaban jama'a? Ya ga dole a yi gwaji na gaskiya, a ga ko wurin zai riƙe sauti in abin ya zauna daram. Ya miƙa hannu inda ya saba miƙawa. Bai manta da maganar Issa ba, ya tuna sarai. Sai dai a wurinsa gam shi ne na kwalba, mai wari. Salatef salatef ne. Ya danna shi da kyau ranar Alhamis da safe, ya jingine jitar kusa da amfilifaya mai ɗumi, ya bar ta har bayan Juma'a.

Yana nan zaune da salatef a hannu Maidaji ya leƙo da kofin shayi.

"Bakano, ko an ce maka farashin kwali ya tashi ne? Ka zauna kamar wanda aka kora daga gidan biki."

Abdulmumini ya juya masa fuskar jitar. Maidaji ya ajiye kofin a kan kwali.

"Innalillahi. Me ya ci ta?"

"Ni ne."

"Da me?"

Ya nuna masa. Maidaji ya dubi salatef, ya dubi abokinsa, ya riƙe baki.

"Kai dai wallahi ko jariri aka ba ka riƙo sai ka naɗe shi da wannan abin. To tsaya. Matar shagon ƙarshe tana da man farce marar launi. A shafa, wa zai gane?"

"Mai ita."

"To mayar da maɓallin a kan wurin, ka manne shi gaba ɗaya. Ai nan ne mazauninsa. Ka ce haka ya fi."

"Cewa ya yi wanda zai cire."

Maidaji ya rage murya. "Ko a rufe kwali kawai. Daga nan zuwa Yamai hannu nawa zai taɓa shi? Kowa ya san 'yan kago, sai a ce su ne."

Wannan ita ce ta tsaya wa Abdulmumini a rai, domin ya san za ta yi. Ya ga an yi ta ba sau ɗaya ba. Ya dubi kwalin da ya riga ya yanka daidai akwatin jitar, ya dubi soson da ya jera a ciki. Shekara goma sha uku abin da yake sayarwa shi ne in ya ce kaya lafiya suka bar hannunsa, a yarda. In ya rufe kwalin nan, ko ba wanda ya sani, ya san da wane baki zai sake faɗa.

"Badamagare," ya ce, "ɗauki shayinka daga kan kwalina."

"Ni fa gwada ka nake."

"Na ji. Ɗauke dai."

Ranar Asabar da safe ya shiga jirgin ƙasa zuwa Baiyun, akwatin a tsakanin ƙafafunsa, yana kare shi daga masu shiga da fita. Wurin Shifu Liang ɗaki biyu ne a bayan wani layi, da ƙamshin katako da na'urar tsotse damshi tana ta gurnani. Tsohon ya buɗe akwatin, ya kai jitar bakin taga, ya karkata ta ga haske. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Ya tambaya da me. Abdulmumini ya ciro guntun salatef ɗin daga aljihu, don ya taho da shi. Tsohon ya karɓa da yatsu biyu, ya duba, ya jefa a kwandon shara.

Sai wayar ta shiga tsakaninsu. Ƙyallin nan, in ji shi, ba fentin feshi ba ne irin na jitar kamfani. Wani irin ƙaro ne da ake narkarwa, a shafa da dunƙulen ƙyalle, shafi bisa shafi, kowanne ya fi fatar albasa sirantaka, don kada ya danne muryar katako. Ko farin danƙon ma bai kamata ya daɗe a kansa ba. Ya ɗauki ɗan faifan, ya manna shi a kan gadar kanta, inda katakon yake baƙi mai tauri, ya ce a jona. Sautin ya fito tas, ya ma fi wanda Abdulmumini ya samu. Da ya tambaya tun ranar Talata, da an nuna masa.

"Lawban, za ta gyaru?"

Tsohon ya ce ana iya sake shafawa. Amma kowane shafi sai ya bushe kafin a ɗora wani, kuma a wannan damshin yakan yi fari kamar hazo maimakon ya yi haske. Sannan salatef ɗin ya ɗan tsinci zaren katakon a gefe ɗaya. Zai yi shafin farko yau, ya duba ranar Litinin. In ya kama, watakila ta kai jirgin saman da ke ɗaukar kaya ranar Talata, wanda shi ne na ƙarshe da zai isa kafin wasan. In bai kama ba, sai sati uku, kuma ko a haka tabon zai iya zama. Ya ce shi zai kira, kada a dame shi.

A bakin tashar jirgi Abdulmumini ya tsaya ya ɗauki saƙo. Sau uku yana sharewa, don duk lokacin sai ya ji ya fara da damshi da danƙo. A na huɗu ya ce:

"Malam Issa, Abdulmumini ne. Na yi maka ɓarna. Ka ce kada a sa gam, na sa salatef, ya ɗaye ƙyallin fuskarta faɗin yatsu uku. Ba kago ba ne, ba maƙerin ba ne, ni ne. Tana hannunsa yanzu, sai Litinin za a san ko za ta kai jirgi. Abin sautin na samu, yana da kyau, a kan gada ake manna shi. Ka yi haƙuri."

Ya haɗa da hoton wurin ya tura.

Yau Lahadi. Ya buɗe shago kamar kullum, ya gwada lasifika shida na wani masallaci a Gaya, ya mayar da ɗaya. Maidaji ya kawo shayi kofi biyu, bai tsokane shi ba. Kwalin jitar yana jingine a bango, babu komai a ciki sai soso da ɗan faifan a cikin ledarsa. Wayar ta nuna Issa ya saurari saƙon tun jiya da la'asar, bai amsa ba. Shifu Liang ma bai kira ba, sai gobe.