Matar da Ke Kawo Keken da Bai Lalace Ba

Dominic Shekari mai gyaran keken ɗinki ne. Gidansa na Samaru, shagonsa kuma na cikin kasuwar Sabon Gari, a layin teloli. Ya yi shekara talatin a wurin. Tun rasuwar matarsa, hirarsa ta koma wajen mutum biyu da ke zuwa cin abincin rana a bencinsa: Iyke mai sayar da zare da allura, da Abiodun mai walda.

Wata Alhamis ya ce musu, "Akwai wata mata da ke kawo mini keke duk Laraba. Sau uku ke nan. In na buɗe shi, ba abin da ya same shi. Sai ta zauna tana tambayata garinmu da sunan mahaifiyata."

Iyke ya dubi Abiodun. "Kullum muna nan, Oga Dominic. Me ya sa ba mu taɓa ganinta ba?"

"Da safe take zuwa, kafin ku buɗe."

"To, wace irin mata ce?"

Dominic ya rasa yadda zai kwatanta ta. Doguwa ce, tana ɗaura kallabi shuɗi, iyakar abin da ya riƙe ke nan. Abiodun ya ce a hankali, "Zaman kaɗaici yana sa mutum ganin abubuwa. Ka je a gwada jininka."

Maganar ta yi masa zafi. Yana cikin motar Samaru da yamma sai wani tunani ya zo masa: anya ba su suka turo ta ba, don su yi masa dariya? Ya tuna yadda suka haɗa ido. Daga ranar ya daina ba su kowane labari, sai dai ya riƙa lura da fuskokinsu. Su ma suna lura da shi. Ya taɓa jin Iyke yana tambayar wani tela ko Dominic ya fara shaye-shaye.

Da Laraba ta zagayo, matar ta sauke kekenta daga kan babur. Dominic bai taɓa shi ba.

"Wa ya aiko ki?"

Ta ce, "Baba, sunana Jemimah. Mahaifina Bitrus yana kwance a asibitin Shika, bakinsa ya mutu. Kafin ciwon ya kama shi ya ce mini yana da ƙane mai gyaran keke a Zariya. Ku uku na samu, na kasa gane wanne ne."

Bitrus yayan Dominic ne. Ya bar gida bayan wata rigima da mahaifinsu, Dominic yana ɗan shekara goma sha biyu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Amma Dominic bai yarda nan take ba. Sunan yayansa ba ɓoyayye ba ne, kuma ita ta sha yi masa tambayoyi. Duk da haka ya rufe shago ya bi ta.

Mutumin da ke kan gadon tsoho ne, ya rame ƙwarai, fuskarsa ba ta tuna masa da kowa ba. Dominic ya daɗe a tsaye. Can ya ɗaga hannun hagun tsohon, ya ga ƙaramin yatsa a lanƙwashe, kamar na Bitrus da ƙofar rumbu ta datse. Tsohon ya riƙe hannunsa bai saki ba.

Washegari ya kasa daurewa, ya faɗa wa abokansa.

"Masu karyayyen yatsa suna da yawa," in ji Iyke. "Ka yi hankali da ita."

"Ni na gan shi, Iyke. Kai ba ka gan shi ba."

"Fuskarsa ka gane?"

"A'a."

Shi kansa Dominic wani lokaci yakan kalli tsohon ya ji shakka ta taso masa, amma duk Lahadi bayan an tashi coci yana kai masa kunun gyaɗa. A Lahadi ta huɗu Abiodun ya zo har Samaru ya ɗauke shi a babur zuwa asibitin. Da suka isa ƙofar ɗakin, Abiodun ya leƙa, ya dubi tsohon, ya dubi Dominic, ya ce shi zai jira a waje.